Fashin Baƙi: Me ya sa ake gwada injinan lantarki masu amfani da gas kafin a ƙaddamar da tasha?

A duk lokacin da aka sanar da kammala ginin wata tashar samar da wutar lantarki a Nijeriya, tambayar da jama'a ke yi ɗaya ce: yaushe za a ga wuta? Amsar da aka fi ji daga bakin hukumomi ita ce, ana kan gwajin injina. Mutane da dama kan ɗauki wannan amsa a matsayin jan ƙafa, ganin yadda wasu tashoshi suka shafe shekaru a tsaye bayan an ce an gama su.

Sai dai gwajin yana da muhimmancin da ya zarce na bikin yanke kyalle. Shi ne yake tabbatar da cewa injin da ƙasa ta kashe biliyoyin naira a kansa zai iya ɗaukar nauyin da aka sayo shi dominsa, ba tare da ya halaka kansa ko ya kayar da babban layin lantarki na ƙasa ba. Kuma da yake kusan kashi huɗu cikin biyar na wutar da ake sha a ƙasar nan daga iskar gas ake samun ta, sauran kuma daga madatsun ruwa irin su Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru, lamarin ya shafi kowane gida da kowace masana'anta.

Yadda injin yake aiki

Injin da ake magana a kansa, wanda injiniyoyi ke kira tabain, ɗan'uwan injin jirgin sama ne. Sassansa uku ne, duk suna jere a kan doguwar sandar ƙarfe guda. Sashe na farko shi ne kwamfuresa, mai zuƙo iska daga waje ya matse ta. Na biyu ɗakin ƙonawa ne, inda ake haɗa matsattsiyar iskar da gas a kunna musu wuta. Na uku jerin farfeloli ne, waɗanda zazzafar iskar ke bugawa da ƙarfi ta juya su. Juyawar farfelolin ce ke juya sandar, sandar kuma ta juya janareta, janareta ya haifar da wuta.

Zafin iskar da ke shiga cikin farfelolin ya haura digiri 1,000 a ma'aunin Salshiyos, kuma ko bayan ta gama aikinta tana fita da zafin da ya kai digiri 500 ko fiye. Manyan injinan da ke haɗe kai-tsaye da janareta suna juyawa sau 3,000 a minti ɗaya, wato sau 50 a kowace daƙiƙa, domin su dace da bugun wutar Nijeriya, wanda shi ma sau 50 ne a daƙiƙa. Fiye da rabin ƙarfin da farfelolin ke samarwa kwamfuresa ne ke cinye shi, ragowar ce ke zama lantarki.

Ƙarfen da ya kai nauyin tan masu yawa, yana juyawa da wannan gudu a cikin wannan zafi, ƙaramin kuskure a wajen haɗa shi na iya zama babbar asara. Kamfanonin da ke ƙera injinan suna duba sassansu a masana'anta, amma daga nan sai an yi doguwar tafiya da su a teku da kan titi, an ajiye su na watanni ko shekaru, sannan a haɗa su da bututun gas da taransifoma da wayoyi dubbai a wurin da za su zauna. Ba a sanin ingancin wannan haɗin sai an ɗora wa injin lodi.

Gwajin ba sabon abu ba ne. Injin gas na farko da aka ƙera domin bai wa jama'a lantarki, mai ƙarfin megawat 4, an kafa shi ne a birnin Neuchâtel na ƙasar Suwizalan a 1939. Kafin a miƙa shi sai da aka gayyato fitaccen masanin injina Farfesa Aurel Stodola ya auna shi, inda ya tabbatar da cewa kashi 17 da ɗoriya cikin 100 na ƙarfin man da injin ke ƙonawa ne ke zama wuta. Injinan yau masu aiki su kaɗai suna kaiwa kashi 30 zuwa 40, waɗanda kuma ake amfani da zafin hayaƙinsu a dafa ruwa a juya wani injin tururi suna kaiwa kashi 60.

Kafin a kunna wuta

Matakin farko ana yin sa ne injin yana sanyi. Ana zagaya man inji a cikin bututunsa na kwanaki, ana tace shi, har sai an tabbatar babu ɓurɓushin walda ko yashi da zai shiga boris. Ana bin kowace na'urar auna zafi da matsi da girgiza ɗaya bayan ɗaya, a tabbatar abin da take gani shi ne yake bayyana a allon ɗakin sarrafawa. Ana gwada na'urorin kashe gobara da bawul-bawul na gaggawa masu datse gas. Sannan a sa ƙaramin moto ya riƙa juya sandar a hankali, ana saurare ko akwai inda ƙarfe ke gugar ƙarfe.

Tsabtace bututun gas na daga cikin ayyuka masu haɗari a wannan mataki. A watan Fabrairun 2010, wata sabuwar tasha mai suna Kleen Energy da ke jihar Connecticut a Amurka ta yi bindiga lokacin da ake hura iskar gas a cikin bututu domin fitar da datti, ma'aikata shida suka rasa rayukansu. Tun daga nan aka ƙara matsa wa 'yan kwangila su riƙa amfani da iskar da ba ta kama wuta wajen wannan aiki.

Bayan an gamsu da waɗannan ne ake kunna wuta a ɗakin ƙonawa a karon farko. Ana barin injin ya hau a hankali har ya kai cikakken gudunsa, ba tare da an haɗa shi da kowane layi ba. A nan ake gwada na'urar da ke kashe shi idan gudunsa ya wuce ƙa'ida. A mafi yawan injina iyakar ita ce ƙarin kashi 10 cikin 100, wato juyi 3,300 a minti ga injin da aka tsara wa 3,000.

Haɗuwa da babban layi

Mataki na gaba shi ne haɗa janaretan da babban layin ƙasa. Duk janaretocin da ke kan layin, daga Egbin a Legas zuwa Kainji a jihar Neja, suna bugawa ne a tare. Wanda zai shigo dole ƙarfin wutarsa da bugunsa da lokacin bugun su yi daidai da na sauran. Misalinsa kamar mata ne masu lugude a turmi ɗaya: wadda za ta shigo sai ta saurari sautin ta kama shi kafin ta jefa taɓaryarta, in ba haka ba taɓare su yi karo. A wajen lantarki, irin wannan karo na iya murɗe sandar injin ko ƙona taransifoma.

Ba a yin wannan haɗi sai da izinin Cibiyar Sarrafa Lantarki ta Ƙasa da ke Osogbo a jihar Osun, wadda a yanzu take ƙarƙashin hukumar NISO da aka cire daga kamfanin TCN. Ƙa'idar layin ƙasa ta tanadi cewa a yanayi na lafiya bugun wuta ya tsaya tsakanin 49.75 da 50.25 a daƙiƙa. Aikin cibiyar ne ta tabbatar sabon injin bai fitar da layin daga wannan iyaka ba.

Ɗora lodi hawa-hawa

Da zarar an haɗa, sai a fara ɗora wa injin lodi kaɗan-kaɗan. Yawanci ana tsayawa a kashi 25, sannan 50, sannan 75, kafin a kai 100. A kowane hawa ana jira ƙarafa su ɗauki zafi su buɗe daidai da juna, domin sandar ciki da gangar jikin injin ba su faɗaɗa a lokaci ɗaya, kuma tazarar da ke tsakanin bakin farfela da bango ba ta wuce 'yan milimita ba.

Abubuwa uku injiniyoyi suka fi sa wa ido. Na farko girgiza. Idan nauyin sandar ya rinjayi gefe ɗaya, ko ba ta miƙe daidai da ta janareta ba, girgizar za ta ƙaru yayin da lodi ke ƙaruwa. Na biyu zafin boris da na man inji. Na uku zafin hayaƙi, wanda ake aunawa da na'urori masu yawa da aka jera a kewayen mafitarsa. Idan wani gefe ya fi wani zafi da tazara mai yawa, alama ce cewa ɗaya daga cikin kawunan wuta ya toshe ko yana shan gas fiye da 'yan'uwansa, kuma in aka bar shi haka zai ƙone farfela.

A wannan mataki ne kuma ake saita wutar kanta. Injinan zamani suna haɗa gas da iska mai yawa kafin su ƙona, domin rage gurɓataccen hayaƙi mai cutar da huhu. Amma idan iskar ta yi yawa wutar kan yi rawa, ta haifar da rugugin da ke fasa ƙarfe, ko ta mutu gaba ɗaya. Idan ta yi kaɗan hayaƙin ya wuce abin da doka ta yarda. Nemo tsakiyar kan ɗauki kwanaki, kuma dole a yi shi da ainihin gas ɗin da tashar za ta riƙa ƙonawa, domin gas na wannan rijiya ya bambanta da na waccan. Injinan da aka tsara su ƙona gas da man dizal kuwa, ana gwada sauya su daga wannan zuwa wancan suna cikin aiki.

Gwaji mafi tsanani

Gwajin da ya fi sa injiniyoyi zullumi shi ne na cire lodi farat ɗaya. Injin yana tsaka da aiki da dukkan ƙarfinsa, sai a buɗe makatsin da ya haɗa shi da layi da gangan. Mai jan guga cike da ruwa daga rijiya mai zurfi, idan igiya ta tsinke, ƙarfin da yake ja da shi ne zai kayar da shi ta baya. Haka injin yake: nauyi ya tafi, gas yana ci gaba da shiga, gudu zai tashi nan take.

Abin da ake so a gani shi ne na'urar sarrafa gudu ta rage gas cikin ƙasa da daƙiƙa guda, ta hana gudun kaiwa iyakar da za ta kashe injin, kuma ba tare da wutar ɗakin ƙonawa ta mutu ba. Injin da ya ci wannan gwaji zai ci gaba da juyawa yana jiran a mayar da shi kan layi cikin mintoci. Wanda ya faɗi kuwa, duk lokacin da layi ya katse sai ya mutu, a sake tayar da shi daga farko, kuma kowace mutuwar bazata tana rage wa ƙarafansa kwana.

Ga ƙasar da babban layinta ya faɗi sau da dama a 2024 kaɗai, wannan gwaji ya wuce cika sharaɗin takarda. Yawan injinan da za su iya tsayawa da ƙafafunsu bayan layi ya faɗi shi ne ke rage tsawon lokacin da jama'a za su zauna a duhu.

Sai dai gwajin kansa yana da nauyi a kan layin. Tashar Geregu ta biyu da ke Ajaokuta a jihar Kogi, wadda aka ƙaddamar a 2013, tana da injina uku ƙirar Siemens masu jimillar megawat 434, wato kimanin 145 kowanne. A ranar da ƙasa ke rarraba megawat 4,500, cire irin wannan inji ɗaya daidai yake da ɗauke kashi uku cikin 100 na wutar ƙasa a ƙiftawar ido. Shi ya sa sai an tsayar da rana da sa'a tare da cibiyar Osogbo, an tanadi wasu injinan da za su cike giɓin.

Inda babu layin da zai karɓi wutar, ana amfani da wasu manyan akwatunan ƙarfe masu cike da wayoyin da ke shanye lantarki su mayar da shi zafi, fankoki kuma su kore zafin. Da su ake kwaikwayon lodin gari ko na masana'anta. Sun fi amfani ga ƙananan injina da tashoshin matatun mai da kamfanonin da ke samar wa kansu wuta, domin tara akwatunan da za su shanye megawat ɗari da ɗoriya abu ne mai tsadar gaske.

Adadin da ke kan allo da adadin da ke kan waya

Wani abu da gwajin ke fitowa da shi fili shi ne bambancin ƙarfin da aka rubuta a jikin inji da wanda zai bayar a inda aka kafa shi. Kamfanoni suna rubuta ƙarfin ne bisa ma'aunin duniya: zafin iska digiri 15, a daidai doron teku, da laimar iska kashi 60 cikin 100. Irin wannan yanayi ba kasafai ake samun sa da rana a Nijeriya ba.

Iska mai zafi ba ta da nauyi, don haka abin da kwamfuresa ke zuƙowa yana raguwa. Injin da aka rubuta wa megawat 100 zai iya rasa 15 zuwa 20 a ranar da zafi ya kai digiri 40, kamar yadda ake gani a Maiduguri da Sakkwato a watan Afrilu. Tudu ma yana rage ƙarfi da kimanin kashi ɗaya cikin 100 a kowace mita 100, abin da ya shafi gari kamar Kaduna da ke bisa doron teku da kusan mita 600. Ga kuma ƙurar hunturu, mai toshe matatun iska ta manne a farfelolin kwamfuresa.

Saboda haka idan aka auna ƙarfin inji a ranar gwaji, ana gyara lissafin bisa ƙa'idojin da duniya ta amince da su, irin su ISO 2314, domin a kwatanta shi da alƙawarin da ke cikin kwangila. Ana kuma auna yawan gas da yake ci kafin ya ba da kowane kilowat. Idan ya gaza, ɗan kwangila ne zai gyara ko ya biya tara. Idan kuwa aka karɓi inji ba a auna shi ba, asarar ta koma kan mai tasha, daga nan ta gangaro kan mai biyan kuɗin wuta har tsawon rayuwar injin.

Gwajin ƙarshe shi ne na juriya, inda ake barin injin ya yi aiki dare da rana ba tsayawa, daga sa'o'i 72 har zuwa wata guda, gwargwadon yadda aka rubuta a kwangila. Idan ya mutu a tsakiya saboda laifin kansa, a mafi yawan kwangiloli sai a sake ƙirga daga farko. Hukumar NEMSA ita ke da alhakin dubawa da ba da shaidar ingancin kayan lantarki kafin a fara amfani da su, NERC kuma ita ke ba da lasisi.

Bayan wannan ne ake ayyana ranar fara kasuwanci, kuma daga ranar kuɗi ke fara ƙirguwa. Tashar Azura-Edo da ke kusa da Benin, mai megawat 461, ta haɗa injinta na farko da layin ƙasa a ƙarshen 2017, ta fara kasuwanci a 2018. Yarjejeniyarta da kamfanin NBET mai sayen wuta a madadin gwamnati ta tanadi a biya ta kuɗin ƙarfin da ta tanada, ko an ɗauki wutar ko ba a ɗauka ba. A irin wannan yarjejeniya, adadin da gwaji ya tabbatar shi ne ake lissafin biya da shi.

Dalilin da ya sa ake jinkiri

Gwajin lodi yana buƙatar abubuwa uku a lokaci guda: isasshen gas, layin da zai kwashe wutar, da masu karɓar ta. Inji ɗaya mai megawat 145 yana cin kimanin ƙafa miliyan 35 na gas a rana, da matsin da ya ninka na tayar mota kusan sau goma. Idan matsin ya faɗi a tsakiyar gwaji, aikin ya ɓaci.

A nan ne tashoshi da dama na shirin NIPP, wanda aka fara a zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, suka gamu da cikas. An kafa injina a wurare kamar Alaoji da Calabar da Olorunsogo, amma bututun gas ko layin kwashe wuta bai iso a kan lokaci ba. Tashar Kudenda da ke Kaduna, mai megawat 215, wadda aka ba da kwangilarta a 2009, ta shafe fiye da shekara goma ba ta fara aiki gadan-gadan ba, kuma batun man da za ta ƙona na cikin manyan dalilai. Ita kuwa tashar gaggawa ta Maiduguri mai megawat 50, da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a watan Maris na 2023 bayan 'yan ta'adda sun kayar da turakun da ke kai wa birnin wuta, a tankoki ake kawo mata gas daga kudu.

Jinkirin ma yana haifar da wata matsalar. Injin da ya daɗe a ajiye yana yin tsatsa, robobinsa su bushe, wa'adin garantinsa ya ƙare, sai an sake kashe kuɗi kafin a gwada shi. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa ƙarfin da aka kafa a tashoshin ƙasar ya haura megawat 13,000, alhali mafi yawan abin da layin ya taɓa ɗauka bai kai 6,000 ba.

Yanzu hankali ya karkata ga bututun AKK mai tsawon kilomita 614, daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, wanda aka fara aikinsa a 2020, da tashoshin da ake shirin kafawa a kan hanyarsa, ciki har da ta Gwagwalada da Shugaba Bola Tinubu ya aza harsashinta a watan Agustan 2023, wadda kashinta na farko zai ba da megawat 350. Idan ranar ƙaddamar da su ta zo, akwai tambayoyin da ya kamata 'yan jarida da 'yan majalisa da sauran jama'a su yi wa masu aikin: megawat nawa aka auna a kan layi, kuma a wane zafi? An yi gwajin cire lodi? Sa'o'i nawa injin ya yi yana aiki ba tsayawa? Wa zai ba da gas, kuma an sa hannu a yarjejeniyar? Wane layi ne zai kwashe wutar zuwa garuruwa?